Rahama Sadau: mun san rigarta, ba mu san kamfaninta ba

Kwanakin baya na hau motar haya daga Kano zuwa Kaduna. Ba mu kai Kwanar Dangora ba hira ta gangaro kan 'yan fim, kuma kamar kullum, sunan Rahama Sadau ne ya fara faɗowa daga bakin mutane. Wani dattijo da ke zaune a gaba kusa da direba ya ce ai ita ce yarinyar nan da aka taɓa kora. Wata Hajiya da ke gefena ta karɓe zancen, ta kawo labarin hotunan da suka tayar da ƙura, har ta kwatanta ɗinkin rigar dalla-dalla. Wani saurayi daga baya ya ce shi dai ya san ta taɓa zuwa Indiya. Haka aka yi ta yi har muka hango Zariya.

Da na ga hirar ta lafa sai na ce wa dattijon, "Baba, cikin fina-finan da kamfaninta ya shirya, wanne ka taɓa kallo?"

Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Au, 'yata, dama tana da kamfani?"

Hajiya ta ce, "Ni ma dai na ɗauka fitowa kawai take yi."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai har na sauka a Kawo. Mota cike da mutane, kowa ya haddace ranar da yarinya ta yi tuntuɓe, kowa ya san irin tufafin da ta sa, amma babu ko mutum ɗaya da ya san cewa tun 2017 take ɗaukar mutane aiki tana biyan su.

Matsayina ba ɓoyayye ba ne. Babban abin da Rahama Sadau ta yi a sana'arta shi ne kafa kamfani, ta tashi daga mai jiran a kira ta aiki ta koma mai kiran wasu. Duk yarinyar da za ta shiga fim a Arewa, wannan ne ya kamata a fara nuna mata. Mu kuma masu kallo, in har da gaske muke yi da muke cewa muna son 'yan matan nan su tsira da mutuncinsu, to mu taimaka musu su mallaki aikin da suke yi, domin talauci da dogaro da wani sun fi kyamara saurin zubar da mutuncin mace.

Ga wanda bai bi tarihin ba

An haife ta a Kaduna ranar 7 ga Disambar 1993. Ta shigo Kannywood a 2013 ta hannun Ali Nuhu, kuma cikin shekara biyu ta shiga sahun gaba, har ta lashe kyautar gwarzuwar jarumar Kannywood ta City People a 2014 da 2015.

A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta sanar da korar ta daga masana'antar, saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ inda aka ga sun riƙe hannu sun rungumi juna. Ta ba da haƙuri. A shekarar da ta biyo baya, 2017, kamfaninta Sadau Pictures ya fitar da fim ɗin Rariya, wanda manyan jarumai maza irin su Ali Nuhu da Sadiq Sani Sadiq suka fito a ciki. A 2020 ta sake shirya Mati a Zazzau. A tsakanin nan ta yi digiri a fannin kula da ma'aikata a Jami'ar Eastern Mediterranean da ke Arewacin Saifurus, ta fito a fina-finan Kudu da dama, sannan a 2022 ta fito a wani fim na Indiya.

A lura da jerin nan da kyau. An kore ta tana 'yar shekara 22. Kafin ta cika 24 ta zama mai kamfani, mazan da suka riga ta shiga harkar da shekaru suna aiki a fim ɗinta.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Mutane da yawa ba su san yadda kuɗi ke tafiya a harkar fim ba, shi ya sa suke ɗauka duk fuskar da suka gani a talabijin mai arziki ce.

Jaruma 'yar ƙwadago ce. Furodusa zai kira ta, su yi ciniki, ta je lokeshan ta yi kwana uku ko mako guda, a sallame ta. Daga ranar an gama da ita. Fim ɗin kuwa yanzu ya fara rayuwa. Za a sayar wa tashar talabijin, a ɗora a YouTube, a sa tallan kamfanin sabulu ko na shinkafa a tsakiya, bayan shekara biyar a sake sayar wa wata tashar. Ko sau nawa aka haska fuskarta, ba ta da sisi a ciki, sai dai in an rubuta hakan a yarjejeniya, kuma a Kannywood yawancin ciniki da baki ake yin sa.

Doka ma haka ta tsara. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wanda ya ɗauki nauyin shirya fim shi ne mai fim, sai fa in ɓangarorin sun rubuta wata yarjejeniya daban. Kuma haƙƙin yana nan har shekara 50 bayan fitar da fim ɗin. Shekara hamsin! Wato furodusa na iya rasuwa 'ya'yansa su gaji fim kamar yadda ake gadon gona. Jarumar da ta yi kuka a ciki har idonta ya kumbura, 'ya'yanta ba su da abin gado sai hoto.

Wanda ke ganin zuzutawa nake yi, ya tuna abin da ya faru a Fabrairun 2022. Ladin Cima, wadda aka fi sani da Mama Tambaya, dattijuwar da muka tashi muna ganin ta tun zamanin wasan kwaikwayon talabijin, ta yi hira da sashen Hausa na BBC ta ce naira dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta idan ta yi aiki, ta kuma yi kukan rashin muhalli. Masana'anta ta kama da wuta. Wasu masu shirya fim suka fito suka ce su sun biya ta dubbai masu yawa fiye da haka, wasu suka mara mata baya, aka kwashe makonni ana jifan juna da magana.

Ni ba adadin ne ya dame ni ba. A ce ma dubu hamsin ake ba ta duk fitowa. Tambayar ita ce: bayan shekaru masu yawa tana gaban kyamara, fim nawa ne nata? Wanne ne zai ci gaba da kawo mata ɗan abin cefane ranar da ƙafa ta ƙi zuwa lokeshan? Gardamar da aka yi gaba ɗaya a kan kuɗin sallama ta tsaya, ba wanda ya taɓo maganar mallaka.

Abin ya fi tsanani a kan mace, domin kasuwar fuskarta gajera ce. Namiji zai yi shekara ashirin yana fitowa a saurayi, furfura ma sai ta ƙara masa kwarjini. Mace kuwa da ta doshi talatin da biyar sai a fara ba ta matsayin uwa, fitowa biyu ko uku a fim, kuɗin ma ya ragu daidai da haka. Kowace shekara sababbin 'yan mata na shigowa, wasunsu a shirye suke su yi aiki kyauta don dai a gan su. A irin wannan kasuwa, wadda ba ta da komai sai fuska, wa take da ƙarfin cewa a'a? Idan wani marar tsoron Allah ya ce sai ta biyo ta ɗakinsa kafin ya sa ta a fim, da me za ta tsaya? Wadda ke da kamfani, ko ƙarami ne, tana da inda za ta koma. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A da, hanyar ta fi wuya. Zamanin kaset da faifan CD, sai ka bi ta hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kafin fim ɗinka ya isa gidajen mutane, kuma wannan kasuwa ce ta maza zalla. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka karya waccan kasuwa, aka sha wahala, sannan harkar ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. YouTube ba ya tambayar ko ke mace ce. Ƙa'idarsa ta fara biyan kuɗin talla ita ce mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu, sannan mai tasha ya ɗauki kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan. Jarumar da ke da mabiya dubu ɗaruruwa a Instagram ta riga ta mallaki abin da furodusoshi ke kashe kuɗi suna nema, wato masu kallo. Abin takaici ne a ce tana ara wa wasu su kullum, ita ba ta da rumfar kanta.

"Ai ta yi laifi, kina wanke ta ne"

Wannan ce maganar farko da za a jefo mini, kuma ba zan kauce mata ba.

Ni Musulma ce, uwa ce kuma. Rungumar da aka yi a bidiyon 2016 ba ta burge ni ba, kuma da 'yata ce zan zaunar da ita. Shigar da ta yi a hotunan da ta wallafa a intanet a Nuwambar 2020 ma ba irin wadda zan yaba ba ce. Wancan karon abin ya munana ƙwarai, domin wani ya zo ƙarƙashin hotunan ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk Musulmi ya ji zafin wannan. Ta goge hotunan, ta nesanta kanta daga kalaman, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara. Zunubin ɓatancin yana wuyan wanda ya rubuta shi, nata laifin shigar ne, kuma ta amsa.

To bayan mutum ya amsa laifi ya nemi afuwa, me ya rage? A addinin da na sani, ana karɓar tuba, ana kuma suturta Musulmi. Mu kuwa mun mayar da kuskuren yarinyar nan kamar sunan yanka. Shekaru na tafiya, ta yi karatu, ta shirya fina-finai, ta ba mutane aiki, amma a motar haya ba a san ta da komai ba sai wannan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Mun ga jarumai maza na Kannywood a fina-finan Kudu suna riƙe mata, suna yin abin da ba za su yi a fim ɗin Hausa ba. Mun gani da idonmu. Wa aka kira taron manema labarai aka kora a cikinsu? Idan taɓa jikin wanda ba muharrami ba laifi ne, kuma laifi ne, to ai hukuncinsa bai san namiji ko mace ba. Ranar da ƙungiya ta hukunta mace ta kau da kai daga namiji a kan abu iri ɗaya, ta koya wa matasa cewa ana duba ƙarfin mutum ne kafin a duba laifinsa. Wannan darasi ya fi bidiyon waƙa illa ga tarbiyya.

Ban ce a bar masana'anta ba linzami ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma al'ummar da ke kallon fim da 'ya'yanta a tsakar gida tana da haƙƙin cewa ga iyaka. Abin da nake nema shi ne iyakar ta zama a rubuce, kowa ya san ta kafin ya shiga, hukuncinta ya zama mai mataki: gargaɗi, tara, dakatarwa ta wani lokaci sananne, da damar kare kai. Kora ta har abada ga 'yar shekara 22, a sanar a kafafen watsa labarai, wannan fushi ne aka sa wa hular doka.

A shekarar nan ta 2016 ɗin dai, watanni kaɗan kafin korar, gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya fina-finai na kimanin naira biliyan 3 a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Na fahimci tsoron da ya sa aka ƙi. Amma ina yawan tunanin cewa mun rufe ƙofar wurin da za a iya koyar da yaran nan sana'a bisa tsari da sa ido, sannan muka dawo muna mamakin yadda suke koyon ta a titi.

"Korar ce ma ta ɗaukaka ta"

Wasu na cewa yaba mata kamar koya wa yara ne cewa karya doka na kai mutum gaba. Sun ce ba don surutun 2016 ba, da 'yan Kudu da na waje ba su san da ita ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Surutun ya kai sunanta inda bai taɓa zuwa ba. Amma 'yan fim nawa aka yi wa surutu a Arewa, wasu ma fiye da nata, yau ina suke? Yawancinsu surutun ne ya binne su. Suna na buɗe ƙofa, amma ba ya rubuta labari, ba ya tara ma'aikata, ba ya biyan mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti, ba ya zaunar da mutum a aji har ya karɓi digiri. Abin koyi shi ne abin da ta yi da shekarar da aka rufe mata ƙofa.

Ba a kanta aka fara ba. A 2004 'yan kasuwar fim na Kudu suka dakatar da wasu manyan jarumai, ciki har da Genevieve Nnaji, saboda a ganinsu kuɗin da suke nema ya yi yawa. Shekara 14 bayan nan, a 2018, Genevieve ta ba da umarnin fim ɗinta Lionheart, kamfanin Netflix ya saye shi. Funke Akindele ma da fitowa a wasan wasu ta fara. A farkon 2024 fim ɗin da ta shirya, A Tribe Called Judah, ya zama na farko a fina-finan Najeriya da ya haura naira biliyan 1 a sinimomi. Waɗannan mata ba wanda zai iya dakatar da su yau da takarda guda, domin su ne masu ɗaukar aikin.

"Ta yi aure ta huta mana"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowacce yawo, kuma sau da yawa da kyakkyawar niyya ake faɗin ta. Da aka ɗaura auren Rahama a Kaduna a watan Agustan 2025, bayan addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya, tambayar da na fi ji a bakin mutane ita ce: to yanzu ta bar fim ke nan?

Wannan shawara ce tsakaninta da mijinta, ba ni da hurumi a ciki. Amma tambayar kanta ta nuna yadda muke kallon abin. Ba wanda ke tambayar malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko ta bar sana'a ranar da aka kai ta ɗaki. A fim ne kawai aure ya zama takardar ritaya, kuma ga mata kaɗai. Namiji zai yi mata huɗu yana rawa da 'yan mata a fim, ba wanda ya ce ya tsufa da abin.

Mun kuma ga abin da wannan al'ada ke haifarwa, sau da yawa har ba a iya ƙirgawa. Yarinya na tsakiyar tashe, tana ciyar da iyayenta, tana biya wa ƙannenta kuɗin makaranta. Ta yi aure, a yi biki na gani na faɗa, ta rufe sana'a ruf. Bayan wata shida kuɗin da ta tara ya ƙare, 'yan gidansu da suka saba da hannunta suna kira, ita kuma sai ta roƙi na kati. Idan zaman ya yi daɗi, alhamdu lillahi. Idan bai yi ba, ta dawo masana'anta ta tarar an maye gurbinta, ga yaro a baya, ga bakin duniya na cewa 'yan fim ba sa zaman aure. Ba wanda ke tsayawa ya tambaya ko tsarin da ya tilasta mata zaɓar ɗaya tsakanin miji da abinci yana da hannu a mutuwar auren.

A nan ne maganar kamfani ta fi amfani, har ga mai tsananin ra'ayi. A ce miji ba ya son matarsa ta fito a gaban kyamara. Haƙƙinsa ne su tattauna, kuma mata da yawa za su yarda da ransu. To mai kamfani ba sai ta fito ba. Za ta iya zaɓar labari, ta ɗauki darakta, ta duba lissafi, ta zauna da mai tace hoto, ta yi ciniki da tashar talabijin, mafi yawan wannan daga falonta da waya da kwamfuta. Musulunci ya ba mace ikon dukiyarta da kasuwancinta, aure ba ya ƙwace mata. Wadda ba ta da komai sai fuska, ranar da ta rufe fuskar ta rufe arzikinta. Mai kamfani kuwa tana iya shiga ɗaki da sana'arta a hannu.

Kuma kada a ce aure da fim ba sa haɗuwa sam. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, da aurenta take fitowa har Allah ya karɓi ranta a watan Afrilun 2024, kuma ba wanda ya ce ta zubar da ƙimar gidanta. An yarda da ita ne saboda matsayin uwa take fitowa. Ke nan ashe ana iya samun hanya idan an so.

"To matan da suka zama furodusa, me suka canza?"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi a kaina, kuma wata ƙawata ce ta kawo mini ita. Ta ce, "Ke kina ta murna mace ta buɗe kamfani. Kalli fina-finan mana. Ba soyayyar nan ba ce da kishi da rawa da waƙa? Wane bambanci kika gani?"

Na yarda da rabin maganarta. Mace ta zama mai fim ba ya nufin fim ɗin zai yi ma'ana. Kasuwa ɗaya suke sayarwa da maza, masu kallo ɗaya, kuma wadda ta zuba miliyoyinta tana tsoron asara kamar kowa. Ba na kuma da'awar cewa duk wata furodusa mace tana biyan ma'aikatanta da adalci don kawai ita mace ce. Idan ta danne haƙƙin 'yan wasa, laifinta daidai yake da na namiji, a faɗa mata.

Amma abu biyu. Na farko, ban taɓa jin an ce wa namiji sai fim ɗinsa ya gyara duniya kafin a yarda ya mallake shi ba. Mallaka haƙƙi ne na wanda ya yi wahala, ko fim ɗin barkwanci ne.

Na biyu, akwai labaran da ba za su taɓa fitowa daidai ba sai mace ce ke riƙe da alƙalami da jakar kuɗi. Dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma karatun manya, ta zama marubuciyar da aka fassara littafinta zuwa Turanci a 2012, ta kuma shiga shirya fim da kanta. Abin da ta rubuta a kan zaman kishi da sakin wulaƙanci da auren wuri, daga cikin ɗaki ta gano shi. Shekara nawa muna kallon kishiya a fim a matsayin muguwa mai bin bokaye, uwar miji a matsayin azzaluma, bazawara a matsayin abin dariya? Waɗannan mata suna gidajenmu, mun san ba haka suke duka ba. Sai mata sun yi yawa a kujerar yanke shawara, har wasu su samu sukunin yin kasada, sannan za mu fara ganin su yadda suke. Mace ɗaya ko biyar ba za su iya ba.

Abin da nake roƙo

Ga 'yan matan da ke tashe yanzu: ƙannena, lokacin da waya ke ta ƙara ana neman ku, lokacin ne na tanadi. Kuɗin mota ta biyu ya isa rajistar kamfani a hukumar CAC da ɗaukar gajeren fim na farko. Ku zauna kusa da mai ɗaukar hoto da mai tacewa ku koyi abin da suke yi, kada ku tsaya a ɗakin kwalliya kuna jiran a kira ku. Akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos ga mai son takarda. Kuma kada ku sake yin aiki babu rubutacciyar yarjejeniya, ko da da wanda kuke kira uban gida ne.

Ga shugabannin masana'anta, musamman yanzu da ɗaya daga cikinku, Ali Nuhu, yake shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun Janairun 2024: ƙungiyar da ke da ƙarfin korar mutum cikin kwana guda tana da ƙarfin fitar da takardar yarjejeniya guda ɗaya da kowane furodusa zai sa wa hannu. A rubuta mafi ƙarancin kuɗin aiki na yini. A rubuta ɗan kason da manyan 'yan wasa za su samu duk lokacin da aka sake sayar da fim. A buɗe asusun da za a riƙa cire wani abu daga kowane fim domin dattawan da ƙarfinsu ya ƙare, kada a sake jiran sai wata uwa ta yi kuka a gidan rediyo sannan a fara tara mata taimako a Facebook.

Kafin mu rabu a tasha, dattijon nan ya sake juyowa ya ce, "'Yata, me kika ce sunan fim ɗin nata?" Na faɗa masa. Ya ce zai sa jikansa ya nemo masa a waya, ya gani da idonsa.